Ashe baromita ba na masu baro ba ne

Ran nan da daddare 'yata ta kawo min aikin gida, wai malaminsu ya ce su rubuto ma'anar baromita da asalin sunan. Ni kuwa ba na so yarinya ta raina ni, na gyara zama na ce wannan ai ko littafi ba sai an buɗe ba, baro kin san shi, mita kuma awo, to na'urar auna kayan baro ce don kar a yi wa mai turawa lodin da ya fi ƙarfinsa. Uwarta daga ɗaki ta ce ita mita ɗaya ta sani, wadda nake mata kullum. Na share ta.

Washegari yarinya ta dawo tana kumbure-kumbure, jan biro tun daga sama har ƙasa, wai har karanta wa 'yan aji amsar aka yi. Na ɗauko waya na duba, ashe Girkanci ne, baros nauyi, metron awo, nauyin iska ake aunawa da shi, wani ɗan Italiya Torricelli ya ƙirƙiro shi a 1643 da bututun gilashi da zaiba. Na ce to ai maganar nauyi na yi, rabin maki namu ne! Ta ce Baba sifili fa aka ba ni.

Don in wanke kaina sai na zauna na haddace sauran, termo zafi, tele nesa, mikro ƙanƙani, skop kallo. Wanda ya fi ba ni haushi sitetoskop, wai kallon ƙirji, alhali a kunne ake maƙala shi, kuma Laennec ɗan Faransa da ya fara shi a 1816 takarda kawai ya naɗe ya kara a ƙirjin mara lafiya.

Da na je asibiti likita na ɗora min shi na fara kwararo bayani, ya ce malam yi shiru mana in ji numfashi. Ya ɗaura min abin awon jini a dantse ya ce tunda kai gwani ne, wannan fa? Sphygmomanometer. Wallahi na san sphygmos bugun jijiya ne amma harshena ya ƙi, sifig, sifigi, sifigimo, ina ta fama har gumi, ya kalli allon ya ce jininka ya hau, huta minti biyar mu sake, kuma kar ka ƙara gwada faɗa.

Yarinya dai yanzu wajen uwarta take kai aikin gida.