Ba kowane kore ne kurmi ba a hoton tauraron ɗan'adam

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan hoton tauraron ɗan'adam ya nuna wuri kore shar, to kurmin yana nan lafiya lau. Ba haka abin yake ba. Na'urar da ke sama hasken da ganye ke mayarwa take aunawa, ba ruwanta da irin itacen. A Indonesiya da Malesiya an sare kurmi an dasa kwakwar manja, kuma da ta girma ta rufe ƙasa, sai taswirar da ba a tantance ba ta ƙirga gonar cikin itatuwa, alhali birai da tsuntsayen wurin sun daɗe da watsewa.

Sai batun ƙanƙantar abin da ake iya gani. A hotunan tauraron Landsat, wanda Amurka ta fara harbawa a 1972, kowane ɗigo a yau fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi. Mai yankan katako ya shiga ya zaɓi itace ɗaya ko biyu ya kayar, rassan da ke kewaye su rufe gurbin, da wuya ya bayyana. Haka koko da ake shukawa a inuwar manyan itatuwa a Ghana.

Ga kuma gajimare da kan lulluɓe kurmin Amazon na Kudancin Amurka watanni, shi ya sa ake haɗawa da rada mai ratsa gajimaren, irin ta tauraron Sentinel-1 na Turai. Hukumar binciken sararin samaniya ta Brazil, INPE, tana auna saran dajin tun 1988, kuma faɗakarwar da take bayarwa jami'an hukumar kare muhalli ta IBAMA ne ke bi su je wurin su gani da ido.