Idan injin jirgin sama ya mutu, jirgin ba ya rikitowa

A majalisun Sabon Gari da Samaru, duk lokacin da aka ji ƙaramin jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ya rage ƙara a sararin sama, sai wani ya ce ai da injin ya tsaya, jirgin zai faɗo kamar dutse. Maganar tana damuna, ko da yake na san dalilinta: ƙarar inji ce kaɗai kunne ke ji, sai a ɗauka ita ke riƙe jirgin.

Fukafukai ne ke riƙe shi. Aikin inji tura jirgi gaba, iskar da ke ratsa fukafukan kuma ita ke ɗaga shi. In injin ya tsaya, matuƙi yakan ɗan sunkuyar da hancin jirgin don kada gudu ya ragu, sai ya riƙa gangarowa a hankali yana juya shi yadda yake so. Babban jirgin fasinja da ke kilomita 10 a sama zai iya tafiyar kusan kilomita 150 a haka, wato kwatankwacin nisan Zariya zuwa Kano. A watan Janairun 2009 tsuntsaye sun kashe injina biyu na wani jirgi a Amurka, matuƙan suka sauke shi a kogin Hudson, mutum 155 duka suka tsira.

Shirun nan da ake ji a samaniyar Zariya kuwa, sau da yawa malami ne ya rage wa injin ƙarfi da gangan, yana gwada ɗalibi yadda zai zaɓi filin sauka in hakan ta faru da gaske.