Pancho Vladigerov da bugun bakwai da makaɗa ke ɓatawa

An saba kwatanta Pancho Vladigerov, mawallafin kiɗa ɗan Bulgeriya, da Rachmaninoff na Rasha, wai don dukansu suna cika fiyano da amo mai kauri. A ganina wannan kwatancen ya rage masa daraja. Abin da ya bambanta mutumin nan da sauran mawallafan kiɗan zamaninsa shi ne lissafin bugu, kuma a nan ne galibin makaɗan da ba 'yan Bulgeriya ba suke yin tuntuɓe.

An haife shi ranar 13 ga Maris 1899 a Zurich, amma a garin Shumen na Bulgeriya ya tashi. Mahaifiyarsa Eliza Pasternak likita ce, Bayahudiya daga Rasha, mahaifinsa kuwa lauya ne. Tagwaye ne su, ɗan'uwansa Lyuben ya zama gwanin biyolin, wato gogen Turawa. A 1912 suka tafi Berlin karatu. Ya koyi tsara kiɗa a hannun Paul Juon da Friedrich Gernsheim da Georg Schumann, ya ci kyautar Mendelssohn har sau biyu, sannan ya yi shekara 12 yana yi wa darakta Max Reinhardt kiɗan wasan kwaikwayo, daga 1920 zuwa 1932. Horon Jamusawa ke nan tsantsa, inda aka fi sabawa da kiɗa mai bugu biyu, uku ko huɗu, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Rawar ƙauyukan Bulgeriya ba haka take ba. Rachenitsa, wadda ya rufe shahararren jerin kiɗansa mai lamba 21 da ita, ƙananan bugu bakwai gare ta a kowane zagaye, a rabe 2+2+3. Kunne yana jin taku uku: gajere, gajere, dogo. Dogon ya fi gajeren da rabi daidai. A sauran raye-rayen, Paidushko biyar ce, 2+3. Daichovo tara, 2+2+2+3. Kopanitsa kuwa goma sha ɗaya, dogon yana tsakiya: 2+2+3+2+2.

Kuskure iri biyu ake yi. Na farko, makaɗi ya matse ukun nan na ƙarshe cikin lokacin biyu, sai zagayen ya koma shida, rawar ta zama irin ta Viyana mai taku uku madaidaita. Na biyu, ya ɗan numfasa bayan dogon, sai bakwai ta zama takwas. Dalilin duka biyun ɗaya ne, jiki ya saba da daidaito, da zarar gudu ya ƙaru sai ya koma ga abin da ya sani. Na biyun ya fi haɗari domin mai yinsa ba ya jin ya yi laifi, kiɗan ma yana yi masa daɗi.

Gyaran ba ya buƙatar dabara mai yawa, haƙuri yake so. A saita na'urar ƙidayar bugu a kan ƙaramin bugun, ba a kan takun ba. Idan aka sa ta a 210 a minti, kowane zagaye zai ɗauki daƙiƙa 2 cif. A daina ƙirga ɗaya zuwa bakwai, a riƙa cewa ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, ana tafi a kan kowace ɗaya. Sai wannan ya zauna a baki da hannu kafin a taɓa kayan kiɗa. Daga nan a riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Jagoran makaɗa kuma sau uku zai kaɗa sandarsa, na ukun ya fi tsawo. In ya ce zai nuna duk bakwai ɗin a cikin gudu, hannunsa ne zai ja makaɗan baya.

Akwai wata matsala da shi Vladigerov ɗin ya jawo da kansa. Yana son cika waje. A fiyano yakan ɗora wa kowane hannu sauti huɗu ko biyar a lokaci guda, a babbar ƙungiya kuma ƙahonni sukan danne masu goge. Mai fiyanon da ya danne fedar dama, wadda ke tsawaita sauti, bai ɗaga ba, zai narkar da takun uku su zama kunu. A ɗaga ƙafa a farkon kowane taku, a rage ƙarfin sautukan tsakiya, a bar na ƙasa da na sama su fito. Masu cewa kiɗansa ya yi maiƙo da yawa ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, amma rabin laifin na masu kaɗawa ne.

Ya koma Sofiya a 1932, ya koyar a makarantar kiɗa ta ƙasa kusan shekara 40, makarantar da yau take ɗauke da sunansa. Gwanin fiyano Alexis Weissenberg yana cikin ɗalibansa. Ya bar manyan kaɗe-kaɗen fiyano da ƙungiya guda 5, na biyolin 2, da wasan opera na Tsar Kaloyan a 1936. Vardar, wadda ya rubuta wa biyolin da fiyano a 1922 kafin ya faɗaɗa ta ga cikakkiyar ƙungiya a 1928, ita ce 'yan ƙasarsa suka fi ji da ita. Ya karɓi kyautar Herder a 1968, ya rasu a Sofiya ranar 8 ga Satumba 1978.

Mai son gwada kunnensa ya nemo Rachenitsa ɗin nan daga ƙungiyar Bulgeriya, ya nemo ta wata ƙasa, ya riƙa tafi a kan dogon taku. Kafin minti ɗaya zai gane waɗanda ke ƙirga bakwai da waɗanda suka zame zuwa takwas.