Fiyano da Aljanin Cikin Iyafis

Hawan jini ne ya haɗa ni da fiyano. Likita ya ce in rage gishiri, in rage tunani. Gishiri da sauƙi, tunani kuwa a wannan tsadar rayuwa sai dai Allah. Ɗan ƙanwata da ke jami'a a nan Jos ne ya kawo shawara: "Kawu, akwai kiɗan Turawan da, fiyano zalla, yana kwantar da hankali." Ya karɓi wayata ya cika ta dam.

Ni fa ɗan Anguwan Rogo ne, da kuntigin Ɗan Maraya aka yaye ni. Tsirkiya ɗaya tal, amma kafin shayinka ya huce ya gaya maka halin duniya. Da na ji fiyano maɓallai 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36, sai na gyara zama, na ce yau za a sha magana. Kiɗa ya fara, ina jiran mawaƙi ya shigo. Ina jira, ina jira, har abin ya ƙare ko tari ba wanda ya yi. Na kira yaron na ce ya turo ragowar. Ya ce, "Kawu, ai haka yake." Sunan ma bai taimaka ba: Sonata lamba 14, Op. 27, lamba 2, sai ka ce lambar motar haya.

Ita wannan sonatar ta Beethoven ce, ya rubuta ta a 1801, lokacin da kunnensa ya fara nauyi. Da daddare, hunturu na kaɗawa, na shige bargo na haɗa wayar da sifika. Farkon kiɗan a hankali yake ƙwarai, janaretan maƙwabci ya haɗiye shi, don haka na ƙure murya. Barci ya ɗauke ni, ina sa wa yaron albarka. Ashe kiɗan kashi uku ne, na ukun kuma guguwa ce. Daidai an kawo wuta, janareta ya yi shiru, sai mutumin ya auka wa maɓallan nan da hannu bibbiyu.

Uwargida ta zabura tana salati, ta suri jariri ta yi bakin ƙofa ba ko ɗankwali. Kowa ya san ƙara cikin dare a Jos ba abin wasa ba ce. Kafin in lalubo wayar, maƙwabci ya iso da tocila da gora.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, Beethoven ne."

"Ɗan wace unguwa ne?"

Na ce ɗan Bonn ne ta ƙasar Jamus, kuma tun 1827 ya rasu. Ya haska ni da tocila daga sama har ƙasa, ya ce to, a gaya masa akwai masu fita asuba.

Washegari na sa wani guntun kiɗansa mai taushi, Für Elise, a tsakar gida. Inna na tsintar shinkafa, sai ta ɗaga murya: "Ku kwashe yaran nan, mota na ribas!" Kuma da gaskiyarta, shi ne dai kiɗan da wasu motoci ke yi in suna ja da baya. Sai a 1867 aka buga shi, shekara 40 bayan mutuwar mai shi, ya huta da ganin wannan cin fuska.

Yaron ya ce in koma kan Chopin, ɗan ƙasar Poland, mai gajerun kiɗan dare guda 21. Waɗannan kam sun shige ni, hannun hagu na tafiya a hankali, na dama na yin abin da mawaƙi zai yi. Ko su ɗin ma yatsana na kan maɓallin rage murya, don Chopin ma yakan fusata a tsakiya. Uwargida ta kafa doka: iyafis ko a bari.

A iyafis ɗin ne na kai ga wani kiɗa mai suna Goldberg, na wani Bajamushen da ake kira Bach. Ina cikin jin daɗi sai na ji wani namiji yana gunguni can ƙasan kiɗan. Na cire, shiru. Na mayar, yana nan. Na ba uwargida ta saurara, ta yi a'uziyya, ta ɗauko kasko da turare. Na kai wa mai gyara a Terminus, ya kwance wayar, ya hura, ya goge da buroshi, ya sayar min da sabon iyafis. Mutumin na nan, har ya fi fitowa tangaram.

Da na faɗa wa yaron, dariya ta hana shi magana. Ya ce makaɗin ne da kansa, Glenn Gould ɗan Kanada, haka yake rera kiɗan da baki yana bugawa, masu ɗaukar sauti sun yi fama da shi sun gaji. A 1981 ya yi wannan ɗaukar, ya mutu a 1982.

Mai gyara ya ce kuɗi ba ya dawowa, tunda shi ma ya ji muryar kuma ya yi iya ƙoƙarinsa. Uwargida kuwa da na yi mata bayani sai ta ƙara garwashi a kasko, ta ce, "Malam, mutumin da ya mutu tun 1982 yana gunguni a kunnenka, kai kuma kana ce min ba aljani ba ne?"