Somnath Hore da farar takarda mai tabo

Cikin masu zanen Bengal, yankin da ya haɗa gabashin Indiya da Bangladesh, da suka taɓa batun yunwa, ni dai Somnath Hore nake ɗaga wa hula, kuma ba don zanensa na farko ba.

An haife shi a 1921 a yankin Chittagong, cikin Bangladesh ta yau. Yana saurayi yunwar 1943 ta afka wa Bengal, lokacin Turawan Ingila na mulki, ta ci rayuka wajen miliyan 3. Ya riƙa zana waɗanda suka zube a bakin hanya, jaridar 'yan Kwaminis tana bugawa. A 1946 kuma ya bi manoman da suka tayar da gwagwarmayar da ake kira Tebhaga, masu noma gonar wani, da suka ce rabin amfani ya yi musu kaɗan, kashi biyu cikin uku suke so. Aiki ne mai kyau, amma wasu ma sun yi irinsa, har da malaminsa Zainul Abedin.

Inda ya yi wa tsara fintinkau shi ne wajen 1970, yana koyarwa a Kala Bhavana, makarantar zane da ke garin Santiniketan a Indiya, da ya fara jerin aikin da ya kira Wounds, wato Raunuka. Sai ya shimfiɗa yumɓu ko kakin zuma, ya tsaga da wuƙa, ya ƙona da wuta, ya kwarara siminti a kai ya samu mazubi. A kan mazubin yake danna jiƙaƙƙiyar takarda da aka dake ta zama kamar ƙullu. In ta bushe, ba tawada, ba launi, fara fat. Sai an karkata ta ga haske ake ganin tsagar, da kumburin gefenta, da wurin da wuta ta ci.

Ba fuska, ba haƙarƙarin yaro a waje. Wannan ne ya kama ni. Kullum muna ganin hotunan mayunwata ana yawo da su a waya, an tona asirin bayin Allah don a tara masu danna alamar tausayi. Hore ya nuna ciwon, ya kuma rufa wa mai ciwon asiri.

Masu cewa ya maƙale a abu ɗaya duk rayuwarsa, to da me suke so ya sauya? Furanni? Ko da ya koma ƙera tagulla daga baya, uwa da ɗa ya ƙera don tunawa da Yaƙin Biyetnam, aka sace mutum-mutumin a 1977. Ya rasu a 2006, gwamnatin Indiya ba ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Bhushan ba sai shekarar da ta biyo baya.