Kwana Uku a Zangon Dalhousie, da Abin da Ya Tuna Mini Game da Dazuzzukanmu

Lokacin da na shaida wa yayana a waya cewa na ɗauki hutu domin in je in kwana uku a daji, sai da ya yi jim kafin ya tambaye ni ko lafiya, ko kuwa wata rigima ce ta haɗa ni da mai gidan da nake haya. A wurinsa, kamar yadda yake a wurin yawancin mutanenmu, mai hankali ba ya barin ɗaki da katifa da ruwan famfo ya nufi daji sai da dalili mai ƙarfi, ko farauta, ko kiwo, ko fatauci, ko gudun hijira. A nan Ostireliya kuwa, inda na yi shekaru ina zaune, ma'aikaci yakan yi wata da watanni yana tara kuɗi domin ya samu ya yi nisa da gari, ya kafa tanti a inda babu sabis ɗin waya, kuma idan ya dawo abokan aikinsa su yi ta cewa ya more.

Wurin da muka je shi ne zangon maɓuɓɓugar Dalhousie, cikin gandun dajin Witjira da ke can arewacin jihar Kudancin Ostireliya, a bakin hamadar Simpson ta wajen yamma. Daga birnin Adelaide sai an ci fiye da kilomita 1,000 kafin a kai ƙauyen Oodnadatta, daga nan kuma akwai wajen kilomita 180 na hanyar burji mai gargada da duwatsu masu fasa taya. Mun tafi a watan Yuli, tsakiyar lokacin sanyinsu, domin bazarar yankin ba abin wasa ba ce. A Oodnadatta ne aka taɓa auna zafi mai maki 50.7 a ma'aunin Selshiyos ranar 2 ga Janairun 1960, kuma hukuma tana rufe gandun hamadar Simpson daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris a kowace shekara.

Shirin tafiyar ne ya fara nuna mini cewa dajinsu da namu suna kawai suka haɗa. Abokan tafiyata biyu, waɗanda a nan aka haife su, sun cika bayan mota da jarkokin ruwa da na mai, da tayoyin safaya biyu, da wayar tauraron ɗan'adam da muka ɗauko haya, sannan suka bar wa wani ɗan'uwansu ranar da ya kamata ya ji daga gare mu. Dokar da suka yi ta nanata mini ita ce, idan mota ta lalace kada wanda ya kuskura ya bar ta ya taka da ƙafa neman taimako, saboda mai nema daga jirgin sama ya fi saurin hango mota a kan mutum, kuma ƙishirwa ba ta jiran kowa. Ni da na tashi a karkarar Katsina wannan magana ta zo mini baƙuwa, domin dajin da na sani ba ya rabuwa da mutane. Kafin ka yi tafiyar awa ɗaya za ka ci karo da ruga, ko mai saran itace, ko yaro da garken awaki, kuma duk inda ka yi sallama za a miƙo maka ruwa a ƙwarya, wani lokaci har da nono. A wannan hanya kuwa mun yi sa'o'i ba mu ga ko hayaƙin girki ba.

Zangon kansa fili ne mai jar ƙasa da 'yan bishiyoyi, da makewayi, da wani tafki na ruwan ɗumi wanda ke ɓuɓɓugowa daga babban rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya ratsa tsakiyar nahiyar. Ɗuminsa ya yi daidai da na jikin mutum, ko ya ɗara kaɗan, kuma akwai wasu ƙananan kifaye a cikinsa waɗanda ba a samun irinsu a ko'ina a duniya, suna ta tsattsagar ƙafar mai wanka. An hana amfani da sabulu a ciki, an kuma hana hura wutar itace a gandun, sai dai murhun gas, wanda hakan ya rage mini armashin dare, domin a ganina zaman daji ba tare da wuta ba kamar tuwo ne babu miya. Da rana ƙudaje suna bin ido da baki har sai mutum ya rufa raga a fuska, da magariba sauro ya karɓi aiki, kuma a daren farko wani karen daji da ake kira dingo ya yi gaba da takalmina ƙafa ɗaya da na bari a ƙofar tanti. Ina cikin ruwan nan na tuna da Wikki a Yankari, wadda ba ta kai wannan ɗumi ba amma ta fi ta haske da inuwa, ga giwaye da gwaggon biri a kewaye, kuma na tabbata da abokan nan nawa za su gan ta da sun raina tasu.

A dare na biyu ne abin da ya sa na rubuta wannan ya faru. Bayan mun ci abinci, wajen ƙarfe tara, sai na hango hasken mota can nesa yana tahowa a hankali, yana ɓacewa yana bayyana. Ban san lokacin da na kashe tocila ba, na jawo silifas kusa, idona yana laluben inda zan bi idan ta ɓaci. Abokaina ko ɗaga kai ba su yi ba, ɗaya ma ya ƙara ruwa a tukunyar shayi yana cewa masu zuwan za su iso a gajiye. Da motar ta tsaya sai ga wani dattijo da matarsa, dukansu sun haura saba'in, waɗanda facin taya ya sa dare ya yi musu a hanya. Na daɗe a kwance ina jin kunyar kaina, ina kuma tunanin yadda aka yi hasken fitila a daji ya zama abin faɗuwar gaba ga ɗan ƙasarmu ko da ya tsallaka teku.

Ra'ayina shi ne, abin da ya ba mutanen nan damar mayar da daji wurin hutu shi ne aminci daga sharrin ɗan'adam, kuma motoci masu ƙarfi da tantuna masu tsada duk a bayan wannan suke. Haɗarin dajinsu ƙishirwa ne da nisa da maciji, abubuwan da shiri yake maganinsu, ga kuma likitocin jirgin sama da suka fara aiki tun 1928 suna ɗauko marar lafiya daga lungunan da mota ba ta kaiwa da wuri. Haɗarin Rugu da Kamuku da dazukan Zamfara a yau mutum ne mai bindiga, kuma babu yawan jarkar ruwan da za ta kare ka daga gare shi. Shi ya sa nake jin takaici idan na karanta ana maganar bunƙasa yawon buɗe ido da gina masaukai a gandunanmu, alhali manomin da gonarsa ke bakin dajin bai isa ya kai la'asar a cikinta ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba na cewa a da dajinmu aljanna ne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ayari suke tafiya ƙarƙashin madugu saboda tsoron 'yan fashi, kuma kalmar zango da nake amfani da ita a nan gadonsu ce. Su ma mutanen nan suna da nasu fataken, Musulmi masu raƙuma da aka kawo daga Afganistan da yankunan da ke maƙwabtaka da ita a ƙarni na 19, waɗanda suka bar masallaci a garin Marree, kuma a kangon tsohon gidan kiwo na Dalhousie har yanzu akwai bishiyoyin dabino. Shirun dajin nasu ma yana da tarihi mai ɗaci, domin ƙasar kakannin 'yan asalin nahiyar ce, irin su Wangkangurru, waɗanda masu kiwon shanu suka mamaye wa ruwa, ko da yake a yanzu da su ake gudanar da gandun. Akwai kuma wani sanyin hulɗa da ban saba da shi ba, inda kowa ke kafa tantinsa nesa da na wani. Da na kai wa dattijon nan kwanon shinkafa da miya washegari, sai da matarsa ta tambaye ni sau biyu ko wani abu nake buƙata.

A asubar ƙarshe na fito alwala cikin sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu cizo, na ga tururi yana tashi daga tafkin, ga Kaza da 'Ya'yanta sun fito ta gabas kamar yadda nake ganinsu a ƙofar gidanmu. Da muka dawo inda waya ke kamawa na tura wa yayana hotuna, da na ruwan, da na dabinon, da na tantinmu shi kaɗai a fili. Bai ce komai a kan kyan wurin ba, tambaya ɗaya kawai ya aiko mini: "To, wa ya yi muku gadi da kuka kwanta?"