Wa ya ba ɗan aike izinin leƙa saƙo?

In ka sayi data, abin da ka biya kuɗinsa shi ne hanya. Ko ka shiga YouTube, ko ka kira ɗan'uwanka ta WhatsApp, ko ka buɗe shafin wata ƙaramar jarida da ba wanda ya san da ita sai ku goma, aikin kamfanin layi ya kai ya kawo ne kawai, kamar ɗan aike. Ba huruminsa ba ne ya ce wannan saƙon ya wuce da gudu, wancan ya tsaya a layi. Wannan ƙa'idar ake kira daidaiton intanet, wani malamin shari'a a Amurka mai suna Tim Wu ya raɗa mata suna a 2003, kuma ita ce kamfanonin sadarwa suke ta kewaye-kewaye a majalisun ƙasashe don a sassauta musu ita.

Kuma ba wanda zai rubuta a ƙudurin doka cewa "za mu toshe muku intanet". Ina! Kalmomi ne masu daɗin ji, wai a ba kamfani damar tsara zirga-zirgar bayanai yadda ya dace, wai kowa ya biya nasa kason na adalci, wai a bar su su raba data kyauta ga talaka. Ruwa ba ya tsami banza.

Kar a ce zargi ne, an riga an gani. A 2005 wani ƙaramin kamfanin tarho a Amurka, Madison River, ya toshe kiran waya ta intanet na Vonage saboda yana cinye masa kasuwa, sai da hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta sa baki ya biya dala 15,000 ya buɗe. A 2007 aka kama Comcast, wani kamfanin intanet na Amurka, yana shaƙe masu amfani da BitTorrent, wata hanyar musayar fayiloli, a ɓoye. A 2011 kamfanin KPN na Holan ya ga mutane sun daina tura tes sun koma WhatsApp, sai ya fito ƙarara ya ce zai sa kuɗi na daban a kan irin waɗannan manhajojin, mutane suka yi ca, majalisa ta yi doka a 2012 ta hana. Duba duk ukun, kamfanin bai ƙirƙiro komai ba, ya dai lura cewa shi ke riƙe da bakin ƙofa.

Maganar data kyauta ita ta fi wuyar musu, ni kaina na daɗe ina jinjina ta, don wanda ba shi da ko sisi ka ce masa kar ya karɓi kyauta ai sai ya ga kamar ka ƙoshi ne kake masa wa'azi. Amma a tsaya a duba wa ke zaɓen abin da za a ba kyautar. Lokacin da Facebook ya kai Free Basics, tsarinsa na shiga wasu shafuka ba tare da cin data ba, Indiya, shi ne mai tantance shafukan da za su shiga, saura kuwa sai ka biya. Yaron da ya zauna ya haɗa tasa manhajar da ƙyar, ta ina zai yi gogayya da wanda shigarsa ba ta cin data? Hukumar sadarwar Indiya, TRAI, ta haramta wannan bambancin farashin a Fabrairun 2016, kotun Tarayyar Turai ma a 2021 ta ce irin tsarin ya saɓa wa dokarsu ta 2015. In da gaske tausayin talaka ake ji a ba shi datar ya shiga inda ya ga dama mana.

Sai kuma sabon salon, wai manyan kamfanoni irin su Netflix da Google su riƙa biyan kamfanonin layi saboda bidiyonsu ne ke cika hanya. A kunne kam yana da daɗi, wa zai yi kuka don an tatsi Google? To amma bidiyon nan ba shi ya kawo kansa ba, kai ka danna, kuma ka riga ka biya kuɗin datar da ta ɗauko shi, kenan kaya ɗaya za a karɓi kuɗin dakonsa sau biyu. Koriya ta Kudu ta gwada wani abu mai kama da haka tun 2016, kuma a Fabrairun 2024 Twitch, dandalin watsa bidiyo kai tsaye, ya tattara komatsansa ya bar ƙasar, ya ce kuɗin hanyar can ya ninka na yawancin ƙasashe kusan sau goma. Twitch fa na Amazon ne. In mai wannan aljihun ya ce ba zai iya ba, ƙaramin kamfani ko tunanin shiga ba zai yi ba. Waɗanda suka zauna kuma kuɗin a kan mai kallo za su fanshe.

Amurka kam ta zama abin tausayi a nan, an kafa ƙa'idar daidaiton intanet a 2015, aka soke a Disambar 2017 ƙarƙashin shugaban FCC na lokacin, Ajit Pai, aka dawo da ita a 2024, kotun ɗaukaka ƙara ta sake rushewa a Janairun 2025, duk don majalisa ta ƙi rubuta ta a doka ta bar wa hukuma, kowace gwamnati ta zo da nata.

Na yarda hanya takan cushe, kuma dole injiniya ya samu damar rage cunkoso ko tare masu kutse. Amma a rubuta iyakar a fili, na ɗan lokaci ne, ba a ware manhajar kowa, kuma a sanar da mai layi. Duk ƙudurin da ya bar "yadda ya dace" a hannun kamfani ya fassara da kansa, ni dai ban amince da shi ba.

Wanda ya fi tayar min da hankali ma shi ne sashen da kan ba wata hukuma ikon yanke wa mutum intanet ba tare da alƙali ya ji ta bakinsa ba. Faransa ta gwada da dokar Hadopi a 2009, gargaɗi biyu, na uku a katse maka layi saboda zargin sauke waƙa ko fim ba izini, layin da matarka da 'ya'yanka suke karatu da neman abinci da shi. Majalisar tsarin mulkin ƙasar ta ce a'a, alƙali kaɗai ke da wannan ikon, kuma a 2013 gwamnati da kanta ta cire hukuncin katsewar gaba ɗaya.